Daren fina-finan sadaukai a gidan kallon unguwarmu: wa ke da izinin yi wa riga dariya?

A bayan layin telolin da nake zaune a Garwa akwai wani gidan kallon ƙwallo da kowa a unguwa ya sani, domin duk ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifaniya suka haɗu, ihun matasa daga cikinsa yakan danne ƙarar kekunanmu. Da gasar Turai ta tafi hutu a damina, bencina suka zama fanko, sai mai gidan ya ware daren Litinin domin nuna fina-finan Amurka na sadaukai, wato mutanen nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, masu tashi sama ko hawa bango, kowa da irin shigarsa. Na halarci dare 8 a jere, 7 daga ciki tare da ɗan ƙanwata mai shekara 13, wanda shi ne ya fara jan hannuna zuwa wurin. Sana'ata ɗinki ce, na haura shekara 20 a kan keke, saboda haka duk fim ɗin da aka sa, idona yakan fara sauka a kan abin da mutum ya sa a jikinsa kafin in saurari abin da yake faɗa.

Tun da gidajen sinima na ƙarshe suka rufe a Kamaru a 2009, kuma sababbin da aka buɗe daga 2016 suka tsaya a Yawunde da Duwala, mutumin arewa ba shi da inda zai zauna cikin jama'a ya kalli fim a babban allo sai irin wannan gida. Kuɗin shiga sefa 200 ne ga babba, 100 ga yaro, kuma ba a farawa sai an idar da sallar isha'i, abin da na yaba ƙwarai. Hoton yana fita tas a kan farin bango, janareto yana tashi cikin minti biyu idan an ɗauke wuta, kuma mai gidan yakan tsallake duk wani yanki da bai dace yara su gani ba. Babban rauninsa rufin kwano ne marar silin, domin dare biyu ruwan sama ya sauko har ba a jin komai sai an matso kusa da lasifika. Fina-finan da muryar Faransanci suke zuwa, sai wani saurayi, ɗalibin jami'a, ya riƙe makirfo a gefe yana mayar da maganganun da Hausa, jefi-jefi yana sirkawa da Fulatanci saboda waɗanda suka fi jin sa. Wannan tafinta shi ne ginshiƙin hidimar gidan, kuma a kansa yabona da ƙorafina suka fi taruwa.

Daren farko an sa X-Men na shekarar 2000. Kusa da ƙarshen fim ɗin, lokacin da sadaukan suke shirin fita yaƙi sanye da baƙaƙen kayan fata masu kama jiki, Wolverine ya yi ƙorafi a kan kayan, sai Cyclops ya mayar masa da tambayar ko da ya fi son matsattsun kaya masu launin rawaya. Tafinta ya fassara maganar daidai, bai rage ba, bai ƙara ba, amma ɗakin da ke ɗauke da mutane sama da 50 ya yi tsit. Ɗan ƙanwata ya juyo ya ce mini, "Kawu, wa ya taɓa sa rawaya a cikinsu?" Amsar gaskiya ita ce babu kowa. A cikin labarin da muke kallo ba a taɓa nuna wani da rawaya ba, ba a kuma ambaci wani tsohon kaya da aka ajiye ba. Rawayar tana cikin mujallun zane ne da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsu, inda Wolverine ya fara bayyana a 1974 da riga mai rawaya da shuɗi. Ke nan Cyclops ya buɗe baki ne a cikin jirgi, amma maganar ta tsallake kan wanda ke zaune kusa da shi, ta tafi wurin masu kallo a Amurka da suka san mujallun. Masu shirya fim ɗin ne suke ba da haƙuri ta bakinsa, suna cewa kada a ɗauke su marasa hankali kamar masu zanen da suka gada.

Ana iya fahimtar abin da ya sa suka ji tsoro. Shekara 3 kafin nan, a 1997, an yi wa fim ɗin Batman & Robin ba'a mai yawa, kuma kayan da jaruman suka sa suna cikin abin da aka fi yi wa dariya, sannan The Matrix na 1999 ya sa baƙar shiga ta zama abin yayi. Sai dai fahimtar dalilin ɗan kasuwa ba ta mayar da maganar ta zama mai ma'ana a cikin labari. Cyclops, mutumin da idanunsa ke fitar da wuta, wanda yake tafiya da mace mai kiran hadari da tsawa, domin yaƙar wani mai sanye da kwalkwali da alkyabba, ba shi da dalilin ganin launin riga a matsayin abin kunya. A matsayina na tela ma zan ƙara da cewa kayan fatar da aka zaɓa ba su fi rawayar hankali ba, domin duk wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu, lokacin da yakan haura digiri 40, ya san cewa babu mai iya gudu ko faɗa cikin matsattsiyar fata ya daɗe bai galabaita ba.

Daga wannan dare na fara auna kowane barkwanci na tufafi da tambaya guda: shin wanda ya yi maganar yana da dalilin yin ta a inda yake tsaye, ko kuwa an ara bakinsa ne domin a yi wa mai kallo raɗa? Mu nan mun san cewa wasa yana da masu shi. Bafillace da Babarbare za su iya faɗa wa juna abin da in wani ya faɗa sai an kai ga raba faɗa, haka jika da kaka, haka taubasai. Mun kuma san cewa tufa tana da muhallinta. Ɗan kokawa da ya ɗaura bante ya jera layu da guraye a damtse, idan ya shiga fili babu mai ganin abin dariya a jikinsa, amma in ya ratsa kasuwa da wannan shiga ranar Talata da hantsi, yara za su bi shi. Dogarin Lamiɗo da jajayen kayansa, ko mahayin da ya sha lifidi da kwalkwali ranar hawan salla, ba ya tsayawa ya nemi afuwar jama'a saboda shigarsa, kuma abokin hawansa ba ya juyowa ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi ado haka, tunda shi ma irin adon ne a jikinsa. Asalin shigar sadaukan nan ma ba ta yi nisa da wannan ba. Lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a 1938, matsattsun kaya da ɗan gajeren wando a sama shiga ce ta ƙarfafan mutane masu nuna bajinta a dandalin wasanni, kuma mai karatu na wancan zamani da ya gan ta ya san ana nufin mai ƙarfi ne.

Mako na biyu da na uku aka sa Spider-Man na 2002 da mabiyinsa na 2004, kuma a nan ɗakin ya yi dariya ta gaske. Peter Parker, wato Spider-Man, yaro ne marar kuɗi da yake son ya ci dala 3000 a gasar kokawa domin ya sayi mota, sai ya fito fili da wata riga da ya haɗa da hannunsa da hular sanyi mai rufe fuska, jama'a suka yi masa ature. Wannan dariya tana da tushe, domin a duniyar fim ɗin babu wani sadauki kafin shi, kayan kuwa da gaske ba su ɗinku ba, kuma masu yi masa ba'ar 'yan kallon kokawa ne da suka biya kuɗinsu. A fim na biyu ya kai kayansa wanki, launin ja da shuɗi ya zuba a kan fararen tufafinsa, kuma wani tsoho da ke bayana ya ce yadin ba mai kyau ba ne, an cuce shi a kasuwa. Abin da ya ba mutane dariya shi ne talaucin yaron da wahalar da rigar take ja masa, ba a taɓa mutuncin rigar ba, shi ya sa da ya sake sa ta ya tare jirgin ƙasa da jikinsa, babu wanda ya tuna da wanki.

Fim ɗin da ya fi kama zuciyata shi ne na zane mai motsi, The Incredibles na 2004, wanda masu Faransanci suka sani da Les Indestructibles, watakila saboda a cikinsa akwai tela. Edna, 'yar guntuwar mace mai ɗinka wa sadaukai kaya, ta ƙi sa wa abokin cinikinta alkyabba, ta kuma lissafa masa waɗanda alkyabbarsu ta halaka, wani ta maƙale a jikin makami mai linzami, wata injin jirgin sama ya zuƙe ta. Duk wanda ya taɓa jayayya da mai kaya a kan abin da yake so da abin da zai amfane shi zai gane wannan zama. Ni kaina nakan hana ɗan moto dogon hannun riga mai faɗi, kuma nakan gargaɗi mata a kan gefen mayafi ko zane da ke lilo kusa da taya, domin mun ga abin da hakan ke jawowa a titunan garin nan. Edna tana da izinin yin maganar saboda sana'arta ce, ta san yadin da ke jure wuta da wanda ke miƙewa, kuma ba ta raina aikin sadaukan ba, tsoron asarar ransu take yi. Abin da ya ƙara wa barkwancin daraja shi ne fim ɗin bai yar da shi a hanya ba. A ƙarshe mugun labarin, Syndrome, alkyabbarsa ce ta ja shi cikin injin jirgi. Da hakan ta faru, yaran da ke gaba suka tashi tsaye suna cewa ai tela ta faɗa, kuma babu buƙatar tafinta ya yi bayanin komai.

Captain America na 2011 ya bi wata hanya da na ga ta fi kowacce hikima, kuma a kanta nake so in daɗe. Bayan an ba Steve Rogers, jarumin fim ɗin, ƙarfi, hukuma ba ta tura shi fagen daga ba, sai ta sa masa kaya masu launin tutar Amurka, na yadi marar kauri, da hula mai 'yan fukafukai, aka riƙa yawo da shi gari-gari yana wasa a dandamali tare da 'yan rawa domin jama'a su ba da kuɗin yaƙi. Da aka kai shi gaban sojojin gaske a Italiya a 1943, waɗanda suka dawo daga inda aka kashe abokansu, suka yi masa ihu suka jefe shi. Wannan ba'a tana da zafi, kuma daidai take, domin a wannan rana kayan aro ne a jikinsa, kayan aro kuwa ba sa rufe katara. Shi kansa ya san haka, har ya zana kansa a matsayin biri mai wasa a kan keke. Daga nan ya saci jiki ya tafi ceto fursunoni kusan 400, da rigar wasan a ƙarƙashin kwat ɗin fata, da kwalkwalin da ya ɗauka daga kayan 'yan rawa. Bayan ya dawo da mutanen, aka ba shi damar zaɓen kayan yaƙi na gaske, sai ya riƙe launin da aka yi masa dariya da shi. Rigar ba ta canza kama sosai ba, amma wanda ke cikinta ya biya kuɗinta da jininsa, kuma sojojin da suka jefe shi su ne suka tafa masa. A The Avengers na 2012 shi da kansa ya tambaya ko taurari da ratsin tuta ba su zama tsohon yayi ba, aka amsa masa cewa a irin halin da ake ciki mutane suna bukatar ɗan abin da. Mutumin da ya yi kusan shekara 70 a cikin ƙanƙara yana da cikakken dalilin yin wannan tambaya.

A daren The Dark Knight na 2008 ba a daɗe a kan batun ba, amma abin da aka yi ya zauna. Wasu 'yan sa-kai sun kwaikwayi shigar Batman da kayan kariya na 'yan wasa da bindigogi, ɗayansu ya tambaye shi bambancinsu, shi kuwa ya nuna masa cewa bambancin yana cikin abin da kowa ya sa, kama da wane ba ta wane. Bayan kare ya cije shi, sai ya je wurin mai haɗa masa kaya yana neman sulke marar nauyi wanda zai bar shi ya juya wuyansa. Masu bin fina-finan sun san cewa tsofaffin kayan Batman ba sa barin ɗan wasa ya waiga, don haka maganar tana da fuska biyu, amma ko wanda bai san wannan tarihi ba ya ji buƙata ce ta mai aiki da ke son kayan aikinsa su gyaru. Wannan shi ne abin da barkwancin rawaya ya rasa.

Yanzu ga ƙorafina a kan hidimar gidan. Tun daga mako na uku, da tafinta ya lura cewa maganar kaya tana tayar da dariya, sai ya fara ƙara nasa a inda fim bai sa ba. Duk sadaukin da ya fito sai ya laƙaba masa suna, wannan mai wandon ƙanensa, wancan mai zanen gado a wuya. Matasa sun ji daɗi, ban musa ba, kuma yaron yana da baiwar magana. Amma a daren Captain America, a daidai wurin da Steve ya dawo sansani da fursunonin da ya ceto, inda kiɗa ya tashi kuma ya kamata ɗaki ya yi shiru, sai ya jefa wata magana a kan matsewar wandon, dariya ta ɓarke, duk abin da fim ɗin ya yi awa guda yana ginawa ya rushe. Bayan an tashi na samu mai gidan a bakin ƙofa, na ce masa, "Alhaji, yaron nan yana da ƙoƙari, amma a ja masa kunne ya bar fim ya yi dariyarsa a inda ya shirya, ya kuma yi shirunsa a inda ya shirya." Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, gaskiyarka ce, sai dai yaran in ba su yi dariya ba gani suke kuɗinsu bai fita ba." Na fahimci matsayinsa, domin shi ma irin tsoron da ya kama masu shirya X-Men ne ya kama shi, tsoron kada jama'a su ga an ɗauki abin da muhimmanci su yi wa mai shi dariya. Duk da haka a makon da ya biyo baya na ji an rage, kuma wannan ya nuna mini gida ne da ake jin maganar abokin ciniki.

Ba tafinta kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba, domin fina-finan baya-bayan nan da yawa sun mayar da ita al'ada. A Captain America: Civil War na 2016, Sam Wilson, wanda shi kansa da fukafukan ƙarfe yake tashi, ya zolayi T'Challa, yariman da ake kira Black Panther, a cikin mota saboda ya fito da shigar kyanwa. A lokacin duniyar labarin ta shekara 8 tana ganin mutum cikin sulken ƙarfe yana shawagi, ta ga wani ya sauko daga sama da guduma da jar alkyabba, ta ga ƙaton koren mutum yana rusa gine-gine. Mamakin shigar damisa a irin wannan duniya bai da ƙarfi, balle ga mutumin da aka kashe mahaifinsa kwana kaɗan da suka wuce. Abin da ya ceci wurin shi ne T'Challa bai yi murmushi ba, ya amsa cewa shigar gado ce ta mai kare ƙasarsa, daga jarumi zuwa jarumi, sai zolayar ta koma kan mai yin ta a matsayin wanda bai san abin da yake magana a kai ba. Idan da an bar shi ya sunkuyar da kai cikin kunya, da an zubar da darajar sarautar tun kafin a nuna mana ita.

Daren Black Panther na 2018 shi ne ɗakin ya fi cika, har wasu suka tsaya a jikin bango. Ruth E. Carter, wadda ta tsara tufafin fim ɗin kuma ta ci kyautar Oscar a kansu a 2019, ta ɗebo daga suturun Afirka na gaske: barguna irin na mutanen Lesotho, jan kaya da duwatsun ado irin na Masai, zobban wuya irin na Ndebele, hular matan Zulu a kan uwar sarki, da rawani da shuɗin kaya irin na Buzaye, wanda mutanen ɗakin suka gane nan take. Akwai barkwancin tufafi a fim ɗin, amma a lura da masu yin sa. Shuri ta yi wa yayanta T'Challa dariya a kan takalman da ya shigo da su ɗakin bincikenta, ita kuwa ƙanwarsa ce, kuma ita ce mai ƙera masa sulken da yake yaƙi da shi. A wurin naɗin sarauta ta yi ƙorafin cewa kayan bikin sun matse ta, uwarta ta harare ta, kamar yadda kowace uwa a nan za ta yi. Wanda ya fi burge ni shi ne na Okoye, shugabar dakarun mata, lokacin da aiki ya tilasta mata sa gashin kanti a birnin Busan na Koriya ta Kudu domin ta saje da jama'a. Ta tsani abin, ta kira shi abin kunya, kuma da faɗa ya tashi ta cire shi ta jefa wa abokin gaba a fuska. A nan an juya al'amarin gaba ɗaya, domin shigar da ta zama baƙuwa abar dariya ita ce ta waje, tata kuwa ta gida ita ce daidai. Ihun da aka yi a ɗakin a wannan wuri ya kai na cin ƙwallo, kuma tafinta, abin yabo, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Dare na ƙarshe mai gidan ya sanar tun da wuri cewa na manya ne kaɗai, domin Deadpool & Wolverine na 2024 cike yake da ashar da zubar da jini, saboda haka na bar yaron a gida, kuma na yaba da yadda aka tsaya a ƙofa aka mayar da ƙananan da suka zo. Ba fim ne da zan ba kowa shawarar kallo ba, kuma tafinta ya sha wahalar tsallake kalmomi. Deadpool dai an gina shi ne a kan ya san yana cikin fim, yana juyowa ya yi wa mai kallo magana kai tsaye, don haka idan ya yi ba'a a kan riga bai karya wata doka ta labarinsa ba. Abin da ya kai ni shi ne in ga rawayar nan da aka yi wa dariya shekara 24 da suka wuce, domin a wannan fim ne Hugh Jackman, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Wolverine, ya sa ta a karon farko. Deadpool ya zolaye shi a kanta, amma da aka zo tsakiyar labari sai Wolverine ya bayyana cewa abokansa sun sha roƙonsa ya sa kayan ƙungiya yana ƙi, yana ce musu abin dariya ne, har ranar da aka kashe su ba ya nan, kuma yanzu rigar ce kaɗai abin da ya rage masa na tunawa da su. Cikin waɗanda ya ambata har da Cyclops, mutumin da aka sa wa maganar rawaya a baki a 2000. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya, wanda ya nuna cewa launin da aka ji tsoro bai kori kowa ba. Haka ma ɗan jan wandon Superman, da aka cire a Man of Steel na 2013, an mayar masa da shi a fim ɗin 2025.

Da na koma gida na tarar da ɗan ƙanwata bai yi barci ba yana jirana, na ce masa, "Ɗana, yau na ga mai rawayar da ka tambaya." Na ba shi labarin abin da ya dace da shekarunsa, sai ya roƙe ni in ɗinka masa irinta kafin salla. Na amsa masa da sharaɗin cewa da yadin auduga za a yi ta, mai sakin jiki, kuma babu abin da zai yi lilo a baya.

Ga wanda yake tunanin zuwa, gidan ya cancanci sefa 200 ɗinsa, musamman idan sama ba ta haɗa hadari ba. A zo da wuri a kama benci na uku ko na huɗu daga gaba, domin a nan ne muryar fim da ta tafinta suke daidaita, na baya kuwa ƙarar janareto tana damun su. Mai zuwa da yara ya tambayi fim ɗin da za a sa tun da rana, mai gidan ba ya ɓoyewa. Na roƙi Alhaji abu biyu kafin gasar ƙwallo ta dawo ta karɓe ɗakin: ya sa silin ko da na tabarma ne a ƙarƙashin kwanon, kuma idan zai sake nuna X-Men ya ba tafinta minti biyu kafin a fara, ya ɗaga hoton Wolverine na mujalla ya nuna wa jama'a. Ya ce silin sai bayan damina, amma hoton zai sa a buga shi a wannan makon.